Mai Neman Gyara, Yaya Halinki A Tsakar Gida?

 

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wani al'amari wanda ya shafi duk macen da ta ɗaura ɗamarar neman gyara a cikin jama'a. Yanzu dai, alhamdu lillahi, da wuya ki shiga gari ki rasa ƙungiyar mata. Wasu suna fafutukar ilmin 'ya'ya mata, wasu suna neman a kyautata wa masu haihuwa a asibiti, wasu suna tsaya wa zawarawa da marayu, wasu kuwa sun shiga siyasa gadan-gadan. Wannan abin farin ciki ne ƙwarai, kuma ni ba na cikin masu cewa mace ta koma ɗaki ta yi shiru alhali tana ganin ɓarna. Abin da nake so in faɗa shi ne, akwai jarrabawa iri biyu da ke jiran kowace mai wannan aiki. Ta farko ita ce halinta a cikin ƙananan al'amura na yau da kullum. Ta biyu kuwa ita ce ko za ta iya riƙe hankalinta ta auna kowane abu da ma'auninsa, kada zafin gwagwarmaya ya rufe mata ido.

Ranar taro kowa jarumi ne. An ɗinka anko, an kafa rumfa, an kawo lasifika, 'yan jarida sun zo da abin ɗaukar hoto. Magana mai daɗi a irin wannan rana ba ta da wuya. Amma fa jama'a ba jawabinmu kaɗai suke saurare ba. Maƙwabta suna kallon yadda muke zaune da mutanen gidanmu, 'yan ƙungiya suna lura da yadda muke riƙe musu amana, 'ya'yanmu kuma suna ji suna gani. Idan abin da suka gani ranar Talata da safe ya saɓa da abin da suka ji ranar taro, to, abin da suka gani za su ɗauka, domin gani ya kori ji.

Bari mu fara da yarinyar da ke yi mana aiki a gida. Mu malaman makaranta akwai abin da muke gani kusan kowace safiya. Yarinya 'yar shekara tara ko goma za ta rako 'ya'yan uwar ɗakinta, ta ɗauko musu jaka da kwanon abinci, ta kawo su har bakin aji. Idan sun shiga sai ta ɗan laɓe a jikin taga tana leƙen allo, har ta tuna da wanke-wanken da ke jiranta, sannan ta juya da gudu. Sau da yawa in an bincika sai a tarar uwar ɗakin nan 'yar boko ce, wata ma tana cikin masu yin jawabi a kan ilmin 'ya'ya mata. Haba 'yar'uwa! Tun 1976 aka fara shirin ba kowane yaro ilmin firamare kyauta a Nijeriya. A 2004 kuma aka yi doka cewa karatun shekara tara na farko, watau firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Wannan doka ba ta ware 'yar aiki ba. Kafin mu tambayi Gwamnati ina ajujuwa, ina malamai, ya kamata kowace ta tambayi kanta: yarinyar nan da ke gidana, a wace makaranta take? A ina take kwana? Abincin da 'ya'yana suka ci shi ta ci, ko kuwa ƙanzo aka bar mata? Ladan aikinta yana isa hannun iyayenta daidai, ko yana maƙalewa wajen wadda ta kawo ta? Wadda ta sa 'yar aikinta a makaranta, ko da ta yamma ce, ta yi wa ilmin mata hidimar da ta fi jawabi goma.

Abu na biyu shi ne kuɗin jama'a. Yawancin ƙungiyoyinmu da karo-karo suke tafiya. Mai ƙosai ta kawo nata, mai kitso ta kawo, malama ta cire daga albashi. Sai biki ya taso wa ma'aji, ta ce bari ta ɗan ara daga asusu, ƙarshen wata ta mayar. Ba ta gaya wa kowa ba, domin a ganinta ai ba sata ba ce. Ƙarshen wata ya zo da tasa hidimar, bashi ya kwana, ranar lissafi kuma aka shiga 'yan kame-kame. Haka nan idan aka sami kayan rabo, shinkafa ko atamfa ko keken ɗinki, sai ki ga takardar sunaye ta cika da ƙannen shugaba da surukan sakatariya, bazawarar da aka karɓo kayan da sunanta kuwa tana bakin ƙofa tana jira. Irin wannan shi ke kashe ƙungiya tun kafin wani maƙiyi ya taɓa ta. Maganinsa kuwa mai sauƙi ne. A sami littafin shiga da fita, a riƙa ba da rasit, kada a fitar da ko kwabo sai da sa hannun mutum biyu, a kuma karanta lissafi a gaban kowa a kowane zama. Wadda ta ji haushi don an nemi ganin littafi, ta sani cewa ita ma kullum abin da take neman hukuma ta yi ke nan.

A nan ya kamata mu tuna da Malam Aminu Kano. Malamin makaranta ne tun farko, ya koyar a Bauci da Maru. Ya riƙe muƙamin Kwamishinan Tarayya a zamanin mulkin Janar Gowon, ya kuma shugabanci jam'iyya har ya nemi shugabancin ƙasa a 1979. Duk da haka har ya rasu a 1983 yana zaune a gidansa na Gwammaja a cikin talakawan Kano, ba a san shi da tara dukiya ba. Ko waɗanda suka yi hamayya da shi a siyasa ba su iya ƙaryata wannan. Shi ya sa idan ya yi maganar talaka ake saurare, domin an ga irin zaman da yake yi.

Abu na uku shi ne yadda mu da muka ɗan taɓa boko muke ɗaukar 'yan'uwanmu da ba su yi ba. An sa taro ƙarfe huɗu. Matan unguwa sun rufe sana'arsu, sun goyo yara, sun zo tun huɗu saura. Shugaba ba ta iso ba sai shida, kuma ko haƙuri ba ta bayar ba. Da ta zo sai ta zauna a kujera su suna tabarma, ta yi ta zuba Turanci, ta yanke shawara ita kaɗai, a ƙarshe ta ce a tafa. Wannan ai raini ne, ko da ba ta nufa ba. Matar da ke da kishiyoyi biyu da 'ya'ya bakwai ta san matsalar gidan aure fiye da yadda littafi zai gaya mana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku dubi misalin Uwargida Funmilayo Ransome-Kuti ta Abekuta. Ita ma malama ce, ta yi karatu har Ingila. Ƙungiyar da ta fara da ita ta matan 'yan boko ce. Daga baya suka buɗe ƙofa ga matan kasuwa, suna koya musu karatu da rubutu, kuma a wajen wannan koyarwa ta ji irin wahalar da suke sha ta haraji da ƙwacen kaya. A 1946 ƙungiyar ta koma ta matan Abekuta baki ɗaya. Ita kuwa ta ajiye tufafin Turawa ta koma ɗaura zane irin na matan garinsu, ta riƙa yin jawabi da Yarbanci don kowace ta ji ta kuma sa baki. Da haka dubban mata suka bi ta, har aka soke harajin da aka ɗora wa mata, Sarkin Abekuta Ademola ya sauka daga gadon sarauta a farkon 1949, ko da yake ya dawo daga baya. Da ta tsaya tana kallon matan kasuwa a matsayin jahilai, da ƙungiyar ta ƙare a shan shayi da koyon ɗinki.

Abu na huɗu shi ne harshe, wanda a zamanin nan ya koma cikin wayar hannu. Labari zai shigo ta WhatsApp ko Facebook cewa wane ya yi kaza. Ba mu san wanda ya rubuta ba, ba mu ji ta bakin wanda ake zargi ba, amma da yake labarin ya dace da abin da muke yaƙi a kansa sai mu tura wa mutum ɗari kafin mu sauke tukunya. In daga baya ta bayyana ƙarya ne, wa zai bi gida ɗari ya wanke wanda aka ɓata? Wani abin da ya fi wannan ciwo shi ne yadda ake yi da yarinyar da aka zalunta. Don a nuna ana aiki sai a ɗauki hotonta a watsa, da sunanta da unguwarsu. Mu mun sami yabo, an ce mun tsaya mata. Bayan mako biyu mun wuce zuwa wata magana, ita kuwa tana nan a unguwar, ana nuna ta da baki a hanyar makaranta da wajen ɗiban ruwa, har ranar da za a zo neman aurenta. Rufa mata asiri yana cikin haƙƙinta da muke cewa muna nema.

To, wannan ke nan game da hali. Yanzu bari mu juya ga jarrabawa ta biyu, watau auna al'amura da hangen nesa.

Farkon abin da ke karya mai neman gyara shi ne gaggawa. Mun kai kuka sau biyu ba a share mana hawaye ba, sai mu ce ƙasar nan ba ta gyaruwa, mu watsar. Wanda ya san tarihin iyayenmu ba zai yi saurin faɗin haka ba. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ta shige ta a Zariya tana da ƙuruciyarta, har ta zama shugabar matan jam'iyyar. Cikin abubuwan da ta nema har da 'yancin matan Arewa su jefa ƙuri'a. A kan wannan hanya ta sha duka, aka ɗaure ta fiye da sau goma. Matan kudu sun yi zaɓen tarayya na 1959, na Arewa suna kallo. Aka sami mulkin kai a 1960 ba a ba su ba, Jamhuriya ta Farko ta faɗi a 1966 ba a ba su ba. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a, sannan suka yi babban zaɓe na 1979. Ku lissafa da kanku: daga 1950 zuwa 1976 shekara 26 ke nan. Yarinyar da ta fara tana 'yar shekara 17 ba ta ga abin da take nema ba sai da ta kai 43. Kuma a duk tsawon wannan lokaci an san gidanta a Zariya da karɓar baƙi da riƙon 'ya'yan da ba ita ta haifa ba. Ta rasu a 2001, yau ga asibiti da sunanta a Zariya.

Har yanzu da sauran tafiya. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da wasu ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar Majalisar a Abuja. A Majalisar Dattawan da aka rantsar a 2023, mai kujera 109, matan ba su kai biyar ba. Wannan abin takaici ne, kuma daidai ne a nuna ɓacin rai. Amma wadda ta tuna cewa kakarta ko katin zaɓe ba a yarda ta riƙe ba, ba za ta ce ba a ci gaba ba, ba kuma za ta ajiye aiki don an kayar da ita sau ɗaya ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Abu na biyu da ke ɓatar da mu shi ne kasa bambanta abokin tafiya da abokin gaba. Mun taru a kan manufa ɗaya, sai saɓani ya shiga a kan hanya. Wata ta ce a je a ga hakimi tukuna, wata ta ce a'a, a kira 'yan jarida. Maimakon a zauna a daidaita, sai a fara cewa wance an saye ta, wance kuma neman suna take yi. Kafin wata uku ƙungiya ta rabu biyu, kowane ɓangare da shugabarsa da hatiminsa, ƙarfin da za a kai wa matsala ya ƙare a kan juna. Manya ma abin ya ci su. Jam'iyyar PRP ta ci gwamnonin Kano da Kaduna a 1979 da sunan talakawa, amma ba a daɗe ba ta dare gida biyu, 'yan Santsi da 'yan Taɓo. Mutanen da suka sha ɗauri tare suka koma ba sa ga maciji da juna. A 1981 aka tsige Gwamna Balarabe Musa a Kaduna a lokacin da gidan nasu yake a rabe. Ba ina nufin in raba musu gardama ba ne, wannan aikin masana tarihi ne. Abin da nake so mu lura shi ne, in irin waɗannan gwanaye sun iya rabuwa, to, mu ma sai mu yi hattara. Wadda ta saɓa miki a kan hanya ba lalle ne ta saɓa miki a kan manufa ba.

Haka kuma ba kowane namiji ne abokin gaba ba, ba kuma kowace tsohuwa mai cewa a bi a hankali ce ke son zalunci ba. Sau nawa uba ne ke tsayawa kai da fata sai 'yarsa ta gama makaranta? Sau nawa liman ko mai unguwa ke kashe wutar da mu ba mu iya kashewa ba? In mun shiga gidan mutum don mu roƙe shi ya bar 'yarsa ta koma aji, sallama da gaisuwa da ladabi za su buɗe mana ƙofar da faɗa ba zai buɗe ba. Abin da muke so shi ne yarinya ta koma aji. In mun ci gardama amma yarinya tana gida, me muka samu?

Tun kafin zuwan Turawa muna da abin koyi a nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga matan karkara suna cikin duhun jahilci. Sai ta zaɓi dattawan mata masu hankali da mutunci, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa alamar shugabanci. Su ke jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa wajenta, su ɗauki karatu, su koma su koyar da na gida. Su ne ake kira 'Yan Taru. Ku lura da irin matan da ta zaɓa: waɗanda garinsu ya riga ya yarda da halinsu. Saboda haka aikin bai mutu da mutuwarta ba, ya ci gaba shekaru masu yawa a bayanta.

Abu na uku shi ne mantawa da kai da iyali. Akwai 'yar'uwar da in ta shiga aikin jama'a ba ta da sauran hira sai ta ƙungiya. A gidan suna jawabi, a gidan biki jawabi, ko gaisuwar mutuwa ta je sai ta kawo maganar. Ba ta barci sosai, ba ta zuwa gaida mahaifiyarta, ɗanta ya faɗi jarrabawa ba ta sani ba. Sannu a hankali sai ta fara ganin in ba ita babu mai iyawa, duk wanda bai yi zafinta ba kuma munafuki ne. Daga nan sai gajiya, sai fushi da kowa, sai a wayi gari ta bar aikin gaba ɗaya da baƙin ciki. 'Yar'uwa, aikin nan ya girme ki, kuma zai ci gaba bayanki. Ki huta in kin gaji, ki raba aiki, ki koya wa ƙanana yadda ake rubuta takarda da yadda ake magana da hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na san wata za ta ce, "Malama, wannan magana taki ai makami ce kika miƙa wa masu son mu yi shiru. Kullum in mace ta buɗe baki sai a ce ta je ta gyara gidanta tukuna, alhali maza suna ta siyasa ba mai leƙa gidajensu." Wannan ƙorafi yana da gaskiya a cikinsa. Lalle ana auna mace da mudun da ba a auna namiji da shi, kuma wannan rashin adalci ne. Ba na cewa sai mace ta zama ba ta da aibi sannan ta nemi haƙƙinta, don in haka ne babu mai magana a duniya. Gaskiya gaskiya ce ko daga bakin wa ta fito, kuma wanda ya danne haƙƙin marainiya ba ya kuɓuta don mai ƙarar tana da nata laifi. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Muna kula da halinmu ne saboda 'yar aikin nan da bazawarar nan mutane ne masu haƙƙi a kanmu, ko ana kallo ko ba a kallo. Bayan haka kuma, mai neman ya kushe mu ya zo ya rasa abin kamawa. Sai dai in ja kunne a kan abu ɗaya: wannan awo na kanki ne. Kada ki karanta wannan fili ki ɗauke shi ki je kina auna maƙwabciyarki ko shugabar ƙungiyarku a bayan idonta. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani.

Shawarata a ƙarshe ita ce, kowace daga cikinmu ta zaɓi abu ɗaya ta fara da shi a wannan mako. Mai 'yar aiki ta je makarantar da ke kusa ta tambayi yadda za a rubuta sunanta. Ma'aji ta kawo littafi zama na gaba tun ba a tambaye ta ba. Shugaba ta riga kowa zuwa, ta zauna inda mata suka zauna, ta bar su su fara magana. Mai waya ta dakata ta bincika kafin ta tura. Wadda kuma ta yi wata shida ba ta magana da abokiyar tafiyarta saboda saɓanin ƙungiya, ta ɗauki mayafinta ta je ta yi mata sallama.

Ina fatan 'yan'uwa za su aiko da ra'ayinsu a kan wannan magana, musamman shugabannin ƙungiyoyi da iyayenmu da suka daɗe a cikin aikin jama'a, don mu ƙanana mu ƙaru. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya sa mu gama lafiya, amin. Sai wani mako in Allah ya kai mu.